Auta a Sama, Ubansa a Kan Yashi

'Ya'ya huɗu na haifa. Uku sun yi jami'a, ɗaya bai yi ba, kuma wanda bai yi ɗin ne ya sake mana rufin gida da ya fara yoyo. Labarinsa zan bayar, don na gaji da matan da ke zuwa falona suna sharɓar kuka wai ɗansu ya faɗi jarrabawa, kamar an ce musu mota ce ta taka shi.

Auta muke ce masa, har yanzu da furfura ta fara leƙo masa a gemu. Aikinsa tuƙin ƙugiya. Ina nufin doguwar na'urar nan da kuke gani tsaye inda ake gina dogon bene, mai miƙaƙƙen hannu, tana ɗaukar rodi da bulo da bokitin kankare tana kai wa magina a sama. Can ƙololuwarta akwai wani ɗan akurki na gilashi. Mutumin da ke cikin akurkin nan ɗana ne.

Ubansa shekara talatin da biyar ya yi yana shugabancin makarantar firamare. Ya yi ritaya tuntuni, amma kowa Hedimasta yake ce masa, har ni idan ina so in ba shi haushi. Yara ukun farko kansa suka ɗauko. Babbansu digiri biyu gare shi, yana aiki a wani ofis inda ake rubuta wasiƙa don a tambayi inda wasiƙar farko ta shiga. Mai bi masa malamar makaranta ce. Na ukun tarihi ya karanta, yanzu yana sayar da cajar waya, kuma zai iya ba ka tarihin kowace ɗaya. Auta kuwa, karatu ta kunnen dama yake shiga ya fita ta hagu, ko ruwa ba ya tsayawa sha. Aji huɗu sau biyu ya yi shi, a makarantar ubansa. Ranar da ake kiran sakamako a fili, Hedimasta da bakinsa ya kira ɗansa a na ƙarshe, ya dawo gida ya ƙi cin abinci. Auta ya ci nasa, ya haɗa da na uban.

Hali ɗaya gare shi. Abin da aka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Yana ɗan shekara tara na ce ya riƙe min tsani zan sauke kaya daga saman kabad. Maƙwabciya ta yi sallama, na sauko na fita, muka shantake da hira har la'asar. Da na dawo na same shi riƙe da tsani gam, ba kowa a kai.

Na ce, "Kai wane irin yaro ne?"

Ya ce, "Umma, ba ki ce in saki ba."

Da ƙyar da jiɓin goshi ya gama sakandare. Uban ya ce ya sake jarrabawa, ya sake, ta sake kayar da shi. Sai ya tafi leburanci wurin gini. Daga nan Hedimasta ya cire shi daga hira. In an tambaye shi 'ya'yansa nawa, sai ya ce, "Uku, da ɗori." In an matsa a kan ɗorin, sai ya fara maganar tsadar taki.

A wurin ginin wani tsohon direban ƙugiya ya lura da shi: ba ya gaggawa, hannunsa ba ya rawa, ba ya yi wa umarni kwaskwarima. Ya ce wa kamfani ga mutuminku. Suka tura shi horo na wata shida, ya dawo da lasisi. Shekara goma sha huɗu ke nan.

Ƙarfe bakwai na safe yake fara hawa. Tsani ne tsaye sak a cikin cikin ƙugiyar, minti goma sha biyar kafin ya kai. Yana hawa da kular abinci, da filas ɗin shayi, da oba-oba ta magana da na ƙasa, da wata gorar roba wadda ban tambayi aikinta ba, ku ma kada ku tambaya. Ba ya saukowa sai biyar. Aikin ya bi shi har gida. Kofin shayi in zai ajiye, sai ya kai shi saitin tebur, ya tsaya, ya jira ya daina motsi, sannan ya sauke a hankali. Matarsa ta ce in ka ce ya miƙo gishiri, gara ka tashi ka ɗauka, don kafin ya iso miya ta huce. Mutane kuma ta tsakar kai yake gane su. Ya taɓa wuce kawunsa a kasuwa bai gaishe shi ba, sai da kawun ya sunkuya ɗaukar kaya, ya ga sanƙon, ya ce, "La, Kawu!"

Daga can sama ba ka jin murya, ba ka ganin fuska. Hula kawai kake gani, da hannu. Saboda haka akwai mutum ɗaya a ƙasa da ake ce wa Mai Usur, shi kaɗai ke da ikon cewa ɗaga, sauke, kai dama, kai hagu, da hannu ko ta oba-oba. Ko mai kamfanin ne ya zo ya yi nuni da hannu, direba ba zai kula shi ba. Sai alama ɗaya tak, ta tsayawa. In aka ware hannu biyu ana kaɗawa, ko wane ne ya yi, ko lebura ne, ko mai shara, dole direba ya tsaya cak, don wataƙila shi ya hango abin da sauran ba su gani ba. Kuma ba a ci gaba sai Mai Usur ya zagaya ya tabbatar ba wanda ke ƙarƙashin kaya. Wannan doka, da irin kan Auta, sun dace kamar tukunya da murfi.

Haka muke zaune, uba na kallon ɗansa a matsayin leburan da ya fi sauran nisa da ƙasa, har wata Asabar da Auta ya zo gaishe mu, wata takarda ta faɗo daga jakarsa. Hedimasta ba ya ganin takarda ya wuce bai nemi kuskure a ciki ba. Bayan yaron ya tafi ya ɗauka ya sa tabarau.

"Wannan lambar wayar wane ne?"

Na leƙa. Na ce, "Albashin ɗanka ne."

"Na shekara?"

"Na wata."

Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya juya bayan takardar ko akwai ƙarin bayani. Ya ɗauko jan biro ya bi ta layi-layi bai sami inda zai soke ba. Can sai ya gyara zama ya ce, "Ai ni dama na san yaron nan zai zama wani abu. Hannuna ya ɗauko."

Na ce, "Ɗorin?"

Ya ce, "Ke matsalarki ba ki san wasa ba."

Abin da ya biyo baya ban san shi a lokacin ba, daga baya na tattaro shi. Ranar Litinin Hedimasta ya ce min likita ya ce ya riƙa tattaki. Ashe wurin ginin ya nufa. Ya tsaya bayan katangar langa-langa yana ɗaga kai har hularsa ta faɗi, yana kiran Auta, Auta bai san yana yi ba. Abin ya ɓata masa rai. Mutumin da yara ɗari takwas ke yin tsit in ya yi gyaran murya, a ce ɗansa bai gan shi ba? Ya wuce kasuwa ya sayi hular kwano rawaya, da rigar nan mai ƙyalli irin ta ma'aikata. Da na ga hular na tambaya, ya ce ta rana ce.

Abin alfahari kuma ba ya daɗi sai da shaida. Ya ɗauko abokansa biyu, Akawu, wanda ya yi ritaya daga ofishin ruwa, da Saje, tsohon ɗan sandan ba da hannu a titi. Su ma ya saya musu hula da riga. A bakin ƙofar wurin ginin, ta waje, akwai tarin yashi da tifa ke jibgewa, sai dai katangar ta fi shi tsayi nesa ba kusa ba. Kullum ƙarfe sha ɗaya tsofaffin nan uku sai su hau yashin, su jeru, Hedimasta ya ce, "Ga shi can, nawa ne," su ware hannuwa bibbiyu su yi ta kaɗawa suna gaishe shi.

Ƙugiya sai ta tsaya cak.

Hedimasta ya ce wa abokansa, "Kun gani? Tarbiyya. Ya ga ubansa ya tsayar da aiki."

Shi kuwa Saje shekara talatin yana tsayar da manyan motoci da hannu. In ya ware hannu, ko jirgin sama sai ya yi tunani.

A cikin wurin ginin kuwa tashin hankali ake. Mai Usur ya ɗauki oba-oba: "Sama, me ya faru?"

"An tsayar da ni."

"Wa?"

"Mai hula rawaya."

"Mutum casa'in ne masu hula rawaya a nan!"

Sai a zagaya, hawa-hawa, lungu-lungu. Daga ciki katanga ta kare yashin, ba mai ganin tsofaffin. Kafin a gama sun gaji sun sauka sun tafi shan shayi. Minti ashirin sun salwanta, bokitin kankare na rataye yana sandarewa, birkiloli sun zauna suna fifita da kwali. Washegari sha ɗaya, haka. Jibi, haka. Leburori suka fara cewa akwai mutanen ɓoye a wurin, har biyu suka ajiye aiki. Manajan aikin, wani mai ƙaramin jiki da babbar murya, ya tura Auta gwajin ido. Likita ya ce idonsa ya fi na shaho. Ya tambaye shi ko yana shan wani abu. Ya ce shayi.

Ranar farko da ta biyu Auta da gaske bai san ko su wane ne ba. Rana ta uku ya gane, don mutum ɗaya ne a duniya ke tsayawa da tumbi gaba, ƙafa a ware, kamar zai duba farcen yara. Amma bai gaya wa kowa ba. Mako uku ana wannan abu.

Ni matarsa ce ta zo min. Ta ce, "Umma, ɗanki ba ya cin abinci. Jiya ina shanya zanin gado na kaɗa shi, sai ya tsaya cak a tsakar gida da bokiti a hannu."

Na aika ya zo bayan an tashi aiki. Ya zauna a ƙasa ya naɗe ƙafa, ƙato da shi.

Na ce, "Faɗi."

Ya ce, "Ba komai, Umma."

"Ban tambaye ka ko akwai ba. Cewa na yi faɗi."

Wannan yaren yake ji. Ya zayyane min komai, ya ƙare da cewa Manaja ya ba shi gargaɗin ƙarshe. Gobe za a zuba kankaren hawa na tara, motocin siminti goma sha biyu za su zo a jere, kuma kankare ba ya jiran kowa. In ya sake tsayawa ba dalili, saukar da zai yi ita ce ta ƙarshe, kuma kamfani zai rubuta a takardarsa cewa yana gane-gane. Direban ƙugiya mai gane-gane, ko baro ba mai ba shi ya tura.

Na ce, "To tunda ka san ubanka ne, ka ƙyale shi ya yi ta kaɗawa mana."

Ya dube ni kamar na ce ya yi sata. "Umma, in na fara zaɓen wanda zan tsaya wa da wanda ba zan tsaya wa ba, ran da na yi kuskure mutum ne zai mutu. Daga sama duk hula ɗaya ce."

"To ka gaya wa Manaja."

"Zai sa masu gadi su kore shi a gaban abokansa."

"To ka gaya wa uban naka!"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Ya ce, "Tun da aka haife ni Baba bai taɓa ɗaga min hannu ba sai da bulala a ciki."

Na ce, "Madalla. In an kore ka sai ku dafa gaisuwar ku ci, kai da matarka da yara uku. Tashi ka tafi gida."

Bayan cin abincin yamma na tari Hedimasta. Ban yi kwana-kwana ba. Na ce masa gaisuwarsa alamar tsayawa ce, mako uku yana tsayar da ginin mutane, kuma gobe in ya ɗaga hannu ɗansa ya rasa aiki.

Ya ajiye jarida. "Ke za ki koya min ma'anar hannu? Ni da na shekara talatin da biyar ina ɗaga hannu makaranta guda ta miƙe tsaye?"

"Shi ya sa. Ka saba in ka ɗaga hannu komai ya tsaya."

"Yaro ya ga mahaifinsa ya girmama shi, shi ne laifi?"

"Ba girmamawa ba ce, birki ne."

"Gobe zan je. Titin gwamnati ne, yashin ma ba a rubuta sunan kowa a kai ba."

Ya ɗaga jaridar ya rufe fuska, a juye take ma. Shekara arba'in da bakwai ina zaune da mutumin nan, ban taɓa jin ya ce "na yi kuskure" ba. Mafi kusa da ya taɓa zuwa shi ne "an ba ni bayanin da bai cika ba."

Da sassafe na ɗauke hular da rigar na cusa a cikin buhun gawayi. Ya neme su, ya yi ta ƙunƙuni, ya ɗauki sandarsa ya fita haka nan. Na zauna ina jin daɗin wayona, har wajen goma da rabi, sannan ya faɗo min: Saje da Akawu nasu hulunan na gidajensu. Kuma hannun Saje kaɗai ya isa.

Na zaro hular da rigar na zuba a leda, da niyyar in kai wa Manajan nan shaida in gaya masa gaskiya da bakina. Na tari motar haya. Tun daga nesa hanya ta toshe, motocin siminti sun yi layi tumbinsu na juyawa. Direba ya ce, "Mama, sai dai ki ƙarasa da ƙafa." Na sauka. Ban yi taku ashirin ba ledar ta yage. Gwiwata ba ta son gaggawa, ina bukatar hannu in dafa jikin katanga. Sai na kifa hular a kan ɗankwalina, na zura rigar, na ci gaba. Ban yi tunanin komai ba. Kaya ne, na sa su inda ba za su faɗi ba.

Na hango su. Su uku a kan yashi, sun ba ni baya, biyu da hula, na tsakiya da sanƙo. A sama bokitin kankare na tafiya a hankali ya nufi hawa na tara. Na ƙwala kira, ƙarar motoci ta haɗiye. Na sake, ko waiwaye. Akwai tarin tsakuwa kusa da ni, na hau da rarrafe, na miƙe, na ware hannuwana biyu ina kaɗawa da iyakar ƙarfina ina cewa, "Ku sauko! Ku sauko, tsofaffin banza!"

Sai na ji usur, dogo.

Na ɗaga kai. Bokiti ya tsaya cak tsakanin sama da ƙasa.

Na sauke ido kan tsofaffin. A lokacin na lura da abin da ya kamata in gani tun farko. Dukansu uku hannuwansu na goye a baya, kamar 'yan aji ɗaya a layi. Akawu har ya ɗaure nasa da hankici don kada ya manta. Ashe Hedimasta ya ji maganata, faɗa ne kawai ba zai yi ba.

Hedimasta ya juyo a hankali. Ya dube ni daga hula har takalmi. Ban taɓa ganin farin ciki irin wannan a fuskarsa ba, ko ranar aurenmu.

Ya ce, "Uwar yara, sauke hannunki. Kina tsayar da ginin mutane."

Wannan karon da Mai Usur ya tambaya ta oba-oba, Auta ya ga ba sauran abin ɓoyewa. Ya ce, "Ku duba bayan ƙofa." Ƙofa ta buɗe, Manaja ya fito kamar an harbo shi, Mai Usur na biye, leburori sun cika bakin ƙofa suna leƙen mutanen ɓoye. Suka tarar da tsofaffi huɗu, uku da hular kwano.

Manaja ya karɓi oba-oba ya ce a kai bokitin nan a juye, na biye ma haka, kada a tsaya sai motar da ke baki ta ƙare, sannan direba ya sauko. Muka tsaya a rana muna jira. Da aka gama, Auta ya yi minti goma sha biyar yana saukowa, Akawu na ta roƙon a kwance masa hankici.

Auta ya iso yana goge hannu. Manaja ya nuna mu. "Ka san waɗannan?"

"Babana ne. Wannan Ummata ce. Waɗannan Baba Saje da Baba Akawu. Ina wuninku."

"Wa ya ɗaga hannu yau?"

Hedimasta ya ce, "Ni dai nawa na baya, akwai shaidu."

Saje ya nuna ni da hannu, tsaf, kamar mai tsayar da tirela.

Na ce, "Ni ce. Sauran mako ukun kuma su ne. Yanzu ni ma in tambaye ka, ɗan nan. Dokarku ta ce in an ware hannu direba ya tsaya?"

"Haka ta ce, Mama."

"Ko wa ya ware?"

"Ko wa."

"Ya tsaya ko bai tsaya ba?"

"Ya tsaya, amma..."

"To wanda ya bi doka za ka kora, ka kawo wanda zai riƙa duba fuskar mutum kafin ya taka birki? Daga can sama?"

Mai Usur ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, ni dai in zan tsaya ƙarƙashin kaya, ƙarƙashin nasa zan tsaya."

Manaja ya ce, "Ba tsayawar ce ta ƙona min rai ba. Mako uku! Na kai shi likitan ido! Lebura biyu sun gudu! Ya sani ya yi shiru!" Ya juya kan Auta. "Me ya hana ka faɗa?"

Auta ya kalli takalminsa. Na ga Manajan ya fara kumbura. Sai Hedimasta ya yi gyaran murya, irin wadda yake yi a filin makaranta, har lebura biyu suka miƙe tsaye.

Ya ce, "Malam Manaja, yaron nan ni na koyar da shi. Bai taɓa cin lissafi ba. Bai taɓa cin Turanci ba. Taswira in ya zana sai ka ɗauka ƙwai aka fasa. Amma bai taɓa kai ƙarar kowa ofishina ba, kuma bai taɓa ƙetare umarni ba. Yara dubbai sun bi ta hannuna, ban ga na biyunsa ba. Laifin nan," ya tsaya ya haɗiyi yawu, "an ba ni bayanin da bai cika ba."

Auta ya ɗago ya kalli ubansa. Ni na kalli agogo, don na bar wake a kan wuta.

Manaja ya yi ta safa da marwa, ya cire hularsa ya sosa kai ya mayar. Motoci goma sha ɗaya na jira, kuma duk garin ba wani direban da zai samu kafin kankaren ya zama dutse. Daga ƙarshe ya ce Auta ya koma sama ya gama zubin yau. Daga gobe dakatarwa ta mako guda, saboda ɓoye bayani. Hulunan nan uku da rigunan a ajiye su nan. Yashi da tsakuwa a kwashe su a shigar ciki kafin yamma.

"Kuma Baba, don girman Allah, in kuna son gaishe shi, yana da waya."

Hedimasta ya ce, "Wa ya saya masa ta farko?"

Ni na saya, amma na bar shi.

Auta ya juya zai koma, ya tsaya, ya dube ni. Na ce, "Tafi mana." Sannan ya tafi.

Makon dakatarwar a gidanmu ya yi shi, yana gyara duk abin da ya lalace, a hankali, har na ƙosa ya koma. Ya koma, yana can har yau, sun kai hawa na goma sha huɗu.

Hedimasta bai daina zuwa ba. Kullum sha ɗaya yana bakin ƙofar da kujerarsa ta roba, hannu a aljihu. Sai dai ya ba kansa sabon aiki, ba wanda ya ɗauke shi: ya hana kowa ɗaga hannu a titin. Mai tallan lemo ya daina kiran ciniki da hannu. Wani ya zo yin miƙa, ya sha faɗa. Makon jiya aka kira ni in zo in raba shi da wata mata mai goyo, wai ta ware hannu tana tsayar da motar haya. Na same shi yana yi mata darasi, ita kuma tana tambayar jama'a ko tsohon nan yana da masu shi.

Na ce mata yana da su, amma yau ba su zo ba. Na tsayar mata da mota da hannu ɗaya, na shiga tare da ita.